Rubutun da Ya Fita Ranar Sadakar Uku

Kwamfutar gidanmu ta girmi ƙanwata. Baffana ne ya kawo ta daga Kaduna lokacin da aka sauya musu sababbi a wurin aiki, irin mai ƙaton akwatin nan da ake girkewa a ƙarƙashin tebur. Aka ajiye ta a ɗakina na kusa da zaure saboda ni ne ɗan makarantar gidan, ni kuma na ɗauke ta kamar akuyar kiwo. Duk ƙarshen wata sai na shimfiɗa buhu a tsakar ɗaki, in kwance murfinta, in zuba kusoshin a gwangwanin tumatir, in hure cikinta da famfon keke, in bi lungunan da gashin kaza. Babban abokin gabana zanzaro ne. Sau biyu yana gina ɗakinsa na laka a jikin fankar, sai dai in ji ta fara gurnani tana zafi.

Duk ranar da nake wannan aiki, kakana na wajen uba yakan jawo kujerarsa ya zauna a bakin ƙofa. Tsoho nake ce masa, matarsa kuma Kaka. Daga Tsohon Birnin Gwari suka dawo wurinmu lokacin da zuwa gona ya gagara. Ya baro gonarsa da amyoyin zumarsa a gefen dajin Kamuku, ya zo gari ba shi da aikin yi sai tufkar igiya da neman faɗa da ni.

“Yau ma an yi wa mara lafiyar fiɗa?” in ji shi. “Wanda ya kasa riƙe akwati shi ne zai riƙe mini mata?”

“Kai dai ka matsa ka ba mu wuri, Tsoho. Matar nan tawa ce, aro na ba ka.”

Kaka na jin mu daga madafa, sai ta ɗaga murya ta ce, “Angona, ƙyale shi, kishi ne ke cin sa.” Haka muke tun ban iya ɗaura wando ba.

Ina da ɗan shafi a intanet inda nake rubuta abin da na gani: yadda motoci ke taruwa a tasha suna jiran rakiya kafin su kama hanyar Kaduna, da Bafulatanar da ke kawo mana nono wadda ta fi kowa sanin labarin gari, da yaƙina da zanzaro. Masu karantawa ba su cika aji guda ba, yawancinsu abokan karatuna ne. Matsalar ita ce sabis. A garinmu yau akwai, gobe babu, wani lokaci a yi kwanaki waya ba ta da amfani sai haska fitila. Don haka na koyi dabara. Idan na sami sabis mai kyau sai in ɗora rubutu huɗu ko biyar a lokaci guda, in saita wa kowanne ranarsa da sa’arsa, su riƙa fita da kansu duk Juma’a da ƙarfe goma na safe. Ina ji da wannan dabara ƙwarai. Har gori nake wa abokaina cewa ko ina barci shafina na aiki.

A hutun da nake ba da labari, wata Litinin na kunna kwamfutar sai na ji ƙara tas, ƙauri ya cika ɗaki. Ɗan akwatin da ke raba wuta a cikinta ne ya ƙone. Na kwance ta gaba ɗaya, na jera kayan cikinta a kan buhu, na ba wani direba sautun sabo daga Kaduna. Ya ce sai wani satin, in hanya ta yi kyau.

Ranar Laraba da hantsi Tsoho na zaune yana tufka, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, a ba shi ruwa. Kafin ƙanwata ta kawo kofin ya kwanta a gefen tabarma. Shi ke nan. Ko ciwon kai bai yi ba. Ni na riƙe ƙafafunsa aka shigar da shi ɗaki, ina ta jiran ya buɗe ido ya ce na cika rawar jiki. Kafin la’asar mun dawo daga maƙabarta, ban yarda ba har lokacin. Baƙi suka cika gida, aka ba su ɗakina, wata daga cikin mata ta kwashe kayan kwamfutar ta zuba a baho ta tura ƙarƙashin gado. Wallahi ko sau ɗaya shafin nan bai faɗo mini a rai ba.

Ranar Juma’a aka yi addu’ar uku. An shafa, an raba gumba, muna zaune a tabarmi a ƙofar gida ana ta karɓar gaisuwa. Sai na ga baffana ya zaro waya, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗago ya kalle ni, kallon da bai taɓa yi mini ba.

“Kai, zo nan.”

Ya ja ni bayan zaure, ya miƙo mini wayar dab da hancina. Hoton Tsoho ne, wanda na ɗauke shi yana hamma. A samansa da manyan baƙaƙe an rubuta: Tsohon Nan Ya Ƙi Mutuwa Ya Bar Mini Matata. A ƙasa ga sunana, ga ranar yau, ƙarfe goma daidai.

Sati uku da suka wuce na rubuta shi, ina dariya ni kaɗai, na saita shi ya fita wannan Juma’ar don in karanta wa Tsoho bayan an sauko daga masallaci, in ga yadda zai yi.

“Ubana ne ya ƙi mutuwa?” in ji baffana. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, amma jijiyar wuyansa ta miƙe. “To ai ya mutu. Hankalinka ya kwanta?”

“Baffa, wallahi tun tuni na rubuta. Da kansa yake fita.”

“Da kansa. Aljani ne ya tura?”

Ya ja yatsa ƙasa ya nuna mini. Wani ya riga ya tura shi zauren dangi na waya, daidai ƙarƙashin sanarwar rasuwa. Mutanen da ban taɓa sani ba sun shigo shafin suna ta rubutu. Wani ya ce Allah Ya shirya ’ya’yan zamani. Wata ta ce ko kabarin bai bushe ba. Wani ya yi mini baƙar addu’a har da iyayena. Shafin da nake roƙon mutane su leƙa, ranar nan ya cika maƙil.

“Ka goge shi kafin ya shiga cikin gida,” in ji shi. “Idan tsohuwar nan ta ji wannan tana cikin takaba, ni da kai ne.”

Abin da nake tsoro ke nan ni ma. Zagin duniya duk mai sauƙi ne, kada dai Kaka ta ji cewa ranar sadakar ukun mijinta na fito ina shelar na ƙosa ya mutu.

Na zaro wayata na shiga shafin, ya nemi kalmar sirri. A nan na gane irin wautar da na tafka. Doguwa na ƙirƙira, mai haɗe da lambobi, don burgewa, na bar kwamfutar ta riƙe mini, ban rubuta ta ko’ina ba. Na gwada sau uku, aka ce ba ita ba ce. Na nemi a turo mini sabuwa, aka ce an tura ta zuwa layin da ya ɓata mini tun bara. Mabuɗin ɗaya ne tak, yana cikin baho a ƙarƙashin gado.

Na tare ɗan acaba zuwa bakin tasha, wurin mai shagon buga takardu da nakan je in sami shawara. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba na faɗa masa. Ya yi salati, ya dube ni, ya ce, “Ashe kai ne.” Har shi ya gani. Ya kashe ɗaya daga cikin kwamfutocinsa, ya kwance akwatin wutarta ya sa mini a leda.

Na koma ta ƙofar baya. Ɗakina cike da jakunkunan baƙi da warin turare. Na jawo bahon. Gwangwanin ya kife, kusoshi sun watse, wani ya ɗora jiƙaƙƙen tawul a kai. Aikin da nakan yi ina waƙa, ranar nan da kyar na yi shi. Sau biyu sukundireba ta suɓuce mini. Na ɗaura abin da ya ɗauru da kusa bibbiyu, na jona batirin sola, na danna. Fanka ta juya, sai kuka, ƙit ƙit ƙit, allo baƙi ƙirin. Na zauna daɓas a ƙasa. Can na tuna siririn fallen nan da ake ce wa ram. Na zare shi, na goge haƙoransa da kilinar fensir, na hure, na mayar da shi har ya ce ƙas. Na sake dannawa. Ta kawo haske.

Saura sabis. Na rataye wayata a ƙarfen taga, inda ya fi kamawa, na haɗa ta da kwamfutar. Ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, ina jin lasifikar masallacin Juma’a ana gwada ta. Daga ƙarshe shafin ya buɗe. Ga rubutun, ga wurin gogewa a gefensa da jan launi. Na kai hannu kan linzamin kwamfutar ke nan aka ɗaga labule.

Gwaggona ce, idanunta jawur. “Tashi, Kaka na kiran ka. Ta ce ka zo da abin.”

Na makara. Wata daga cikin masu gaisuwa ta riga ta kai labari, da ƙari.

Ɗakin Kaka cike yake da mata. Tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, ta ƙanƙance cikin kwana uku. Na durƙusa a bakin ƙofa.

“An ce ka yi wa mijina rubutu a waya.”

“Kaka, ki yafe mini. Tun yana da rai na rubuta. Yanzu zan goge.”

“Ban tambaye ka ba. Karanta.”

Gwaggo ta ce, “Inna, ki bari mana.” Kaka ko kallonta ba ta yi ba.

Na karanta. Ban taɓa jin muryata ta yi mini muni haka ba. Na karanta yadda Tsoho ya ce likita ya hana shi zaƙi, amma yana da kwalbar zuma a cikin tsohon takalminsa na ruwa. Na karanta labarin giwar da ya ce ya yi ido huɗu da ita a Kamuku yana saurayi, wadda duk shekara sai ta ƙara girma, bana har ta kai tsayin rimi. Na karanta yadda yake ɗaure rediyonsa da roba, ya yi gardama da mai karanta labarai, ya kashe shi in ya ga za a kayar da shi. Da na zo ƙarshe na tsaya.

“Ƙarasa,” in ji ta.

Na ƙarasa. “Ni dai ina nan ina jira. Ranar da ya ga dama ya tafi, ba zan yi kuka ba, sabuwar riga zan ɗinka in je in ɗauko amaryata.”

Wata mata ta yi salati. Kaka ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na girgiza. Na ce shi ke nan, na kashe ta. Sai da ta ɗago na ga dariya take, hawaye na bin kumatunta.

“A takalmi yake ɓoyewa?” ta ce. “Na birkice ɗakin nan kaf ina neman kwalbar nan.”

Ta share fuska da gefen mayafi, ta dubi matan. “Kwana uku ke nan kowa ya shigo sai ya ce mini mai haƙuri ne, ba ya faɗa, ba ya gardama. Har na fara tunanin ko gaisuwar wani gidan aka kawo mini. Wannan da yaron nan ya karanta, shi ne mutumin da na zauna da shi.” Ta juyo gare ni. “Ya ji wannan kafin ya tafi?”

“A’a. Yau na so in karanta masa.”

Ta ja carbi ɗaya, biyu. “Da ya rama,” ta ce. “Kada ka goge.”

Ban goge ba. Baffana ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau, mahaifina kuwa bai taɓa tayar mini da maganar ba har yau, wanda ya fi duka ciwo. Na ƙara layi ɗaya a saman rubutun na bayyana yadda aka yi, waɗanda suka zage ni ba su dawo sun gani ba. Kalmar sirrin yanzu tana rubuce a bangon littafina, kuma ban sake saita wani rubutu ya fita a ranar da ban kai ba.

Amma ranar nan, da na yunƙura zan fita daga ɗakin, Kaka ta kamo bakin rigata. Rigar da na sa tun ranar Laraba ce, duk ta yi dauɗa, ga baƙin man fanka a hannun rigar.

“Angona,” ta ce a hankali, “ga shi ya bar maka ni. Ina sabuwar rigar?”

Tun da aka ɗauki Tsoho ban zubar da hawaye ba. A nan, a gaban matan unguwa duka, na kifa kaina a gwiwarta na yi ta kuka.