Littafi Marar Bango

A tashar mota, kan bencin da nake jira, wani magidanci mai tabarau ɗaure da zare yana karanta littafi marar bango. Yana bin layi da yatsa, yana gyaɗa kai.

Na ce, "Malam, me ya ci bangon?"

Ya rage murya. "Ni na cire, Baba. Marubucin yana tsare. Shi kaɗai ya faɗa mini masu cin ribar yaƙin ƙetare da aka tura ɗana."

Da alama ɗan bai dawo ba, na kasa tambaya. Sai ga ɗan sanda yana zagayawa. Mutumin ya danne littafin da cinya, ya ce, "Sannu da aiki, yallaɓai."