Kurar Haladu

Haladu bai taɓa neman suna ba. A Nasarawa Gwom aka haife shi, jikan wani Bakano da ya zo haƙar kuza ya ƙi komawa. Ya gwada ɗinki, ya gwada kwandastan mota, daga ƙarshe ya sami aiki a gandun namun dajin da ke bayan garin Jos, inda duwatsu suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su ya tafi bai dawo ba.

Aikinsa kai wa dabbobi abinci. Da sassafe, raɓa na ɗiga daga dogayen itatuwa, zai loda ayaba da ciyawa da nama a kurarsa, irin wadda 'yan ga-ruwa ke turawa, ya kama hawan tudu. Birai su raka shi da tsegumi, jimina ta leƙo shi ta saman waya kamar surukar da har yau ba ta gamsu ba. Yana son aikin, kuma da shi yake riƙe da gida. A gandun akwai kura ta gaske, tsohuwa, wadda ba ta da sana'a sai barci.

Ranar Litinin ɗin Ista ta 2004 an yi ruwa, ciyawa ta yi shar, gandun ya cika maƙil. Iyalai sun shimfiɗa tabarmi a gangare, sun buɗe kuloli. Haladu na can ƙolin tudu sai wani biri ya fizge ayaba. Ya juya zai kore shi, ya manta bai sa dutse a ƙafar kurar ba. Ta fara gangarawa a hankali, sannan ta ɗauki gudu, ta nufi tabarmin mutane.

Haladu ya bi ta a guje, takalminsa ɗaya ya cire, yana ihu iya ƙarfinsa: "Ku kauce! Kura ta ƙwace!"

Kowa ya kauce. Madam Ekwutosi mai sayar da lemo ta haye teburinta tana kiran sunayen 'ya'yanta, har da wanda ke Legas. Wani dattijon coci da aka shigo da shi yana dogara sanda, sai ga shi a kan dutsen da samari ke shakkar hawa. Kurar kuwa ta bi tsakiyar filin da aka watse, ta yi karo da tukunyar shinkafa, ta faɗa rafi. Can Haladu ya hauro jiƙe sharkaf, yana haki, ya kwantar wa jama'a da hankali cewa ya kama ta, ƙafarta ɗaya ce kawai ta karye.

Babu wanda ya ji ciwo. Amma Oga Dantong, shugaban ma'aikatan, bai ga abin dariya ba. Ya ce Haladu ya kore masa mutane a ranar da ta fi kowace kasuwa, ya ajiye rigar aiki ya tafi gida sai an neme shi. Haladu ya san mutane da yawa da aka ce za a neme su, har suka yi furfura ba a neme su ba.

Ya zauna a gida, abinci ba ya shiga. Matarsa Balaraba kan ajiye masa tuwo ta ce, "Ga shi, sarkin dawa." Shi ko murmushi ba ya yi, tunaninsa wa zai ɗauki mutum mai shekarunsa.

Labari kuwa ya riga ya shiga gari. A Anguwan Rukuba an ce da hannu ya kama kura. Kafin ya kai Tina Junction, 'yan acaɓa sun rantse cewa ya karya mata ƙafa a cikin ruwa, ba ko takalmi. Lahadin da ta biyo baya layi ya kai titi, kowa na tambayar mai kurar. Wasu suka tsaya gaban kejin tsohuwar kurar suna tausaya mata, ganin ko motsi ba ta yi.

Washegari Oga Dantong ya aika a kira shi. Haladu ya tsaya a ofis yana murza hula, ya ce shi fa ba zai yi wa kowa ƙarya ba, duk wanda ya tambaye shi zai gaya masa abin turawa ne. Oga ya ce ya je ya gaya musu, shi ma ya gaya musu har muryarsa ta dushe, ba wanda ya yarda. Sannan ya miƙo masa rigar, da sharaɗi ɗaya.

"Wannan abu naka, daga yau sunan shi baro. Kada in sake ji ka kira shi kura a nan."

Haladu ya karɓi rigar da hannu biyu. Amma gaskiya ba ta bar shi ya yi shiru ba.

"Oga, ai baro ƙafa ɗaya gare shi."

"To yanzu naka ƙafa nawa ya rage mishi?"

Haladu ya maida hularsa kai. Ya sa rigarsa, ya fita neman mai walda.