Tsuntsuwar da kakata ta gane da kunne

Shekarun baya can, muna zaune a unguwar Sa'alaba a Jidda, idon kakata ya fara mutuwa. Likita ya ce ɗan ganin da ya rage mata ba zai daɗe ba. Da muka tambaye ta abin da take son gani kafin ya tafi, mun zaci Harami za ta ce a kai ta. Ina! Wai kwasakwasa take son gani.

Ita 'yar masunta ce daga bakin Tafkin Chadi, aikin Hajji ya kawo ta Jidda, zama ya kama ta. Ni kuwa nan aka haife ni, Hausar ma da ƙyar nake haɗa ta. Da na tambaye ta mece ce kwasakwasa, ta ce wata babbar tsuntsuwar ruwa ce, na ce halas, shi ke nan, ai bakin teku cike yake da su.

Wata Juma'a da safe na ari motar abokina muka yi kudu, inda masunta ke ɗaure jiragensu. Ina ganin fararen tsuntsaye suna ta ihu a kanmu na ce, "Kaka, ga su nan!"

Ta karkata kai ta saurara. "Kai maigida, ido biyu gare ka amma na ado ne. Kwasakwasa ba ta da surutu."

Kunya ta kama ni. Muka zauna har rana ta fara cizo, ina ta yalla mu tafi, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Sai labarin kwasakwasa take ba ni, yadda suke jeruwa a tafki su koro kifi zuwa gaɓa, da yadda 'ya'yan ke cusa kai cikin maƙogwaron uwa su ci abinci.

Can wani jirgi ya dawo, sai ga wata ƙatuwar tsuntsuwa mai ruwan toka ta biyo shi, ta sauka ko ƙiƙ ba ta ce ba. Kaka ta damƙe hannuna. Ta ce inuwa kawai take gani, amma ta ji bugun fukafukin. Ta ce in lura, za ta kamfato ruwa a jakar da ke ƙasan bakinta, ta sunkuyar da kai ya tsiyaye, sannan ta ɗaga ta haɗiye kifin. Wallahi haka aka yi. Ina faɗa mata tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"To, mu tafi," in ji ta. "Na ga gida."

Azumin shekarar bai zo ba sai da ganin ya tafi gaba ɗaya, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Allah Ya jiƙanta. Har yau idan kewarta ta dame ni nakan je wurin in zauna. Masu ihun ko kallonsu ba na yi, mai shirun nake jira.