Kasuwar Kara da Kwali

Lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Samaru. Na raba 'yan aji biyar rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya gina wani abu da hannunsa, a nuna wa iyaye ranar taron ƙarshen zango. Nufina su koyi haƙuri da juna, su san daɗin guminsu.

Rukunin da ya fi ba ni ciwon kai shi ya zaɓi gina kasuwar Sabon Gari da kara da kwali. Shugabarsu wata siririyar yarinya ce daga Dogarawa, 'yar wani fasto, ga tsiwa. Mataimakinta ɗan wani alaramma ne, shi kuma taurin kai. Kullum ina cikin rabon faɗa: ta ce layin 'yan tumatir nan yake, ya ce ƙarya ne. Ƙarshe su da kansu suka shirya, ran Asabar yayanta ya raka su kasuwar suka gane wa idonsu. Suka dawo suna dariya, ashe duk su biyun ba su canka ba. Da sitaci suka manna rumfunan. Duk sun karkace, amma wallahi ban taɓa alfahari da aikin ɗalibai kamar wannan ba.

Saura mako guda taro, mai makarantar ta zagayo. Ta dubi kasuwar, ta taɓe baki.

"Wannan tarkacen za ki nuna wa iyaye? Malaman jami'a fa za su zo. So kike su kwashe 'ya'yansu?"

Na yi magana har muryata ta dishe, a banza. Ta sa wani kafinta a Chikaji ya ƙera wata kasuwar da katako, ta sha fenti. Ranar taro ta jera yaran a bayan sabuwar kasuwar, ta ce su gaya wa baƙi su suka yi. Tasu kuwa aka wurgar bayan aji, awaki suka cinye kwalin. Iyaye suka yi ta tafi. Har yau in na tuna tafin nan sai raina ya ɓaci.

Da aka dawo hutu na sake raba musu aiki. Yarinyar nan ta ɗaga hannu. Babu tsiwa a muryarta, tsakaninta da Allah take tambaya:

"Anti, mu fara ne, ko mu jira a kawo daga Chikaji?"

Ɗan alaramma kuwa tuni ya mayar da almakashinsa cikin jaka.