Rijiyar da Aka Toshe da Siminti

Gwaji ake ce masa, don aikinsa leƙa jini da fitsarin mutane a asibiti, kuma ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi hujja. Wata rana ya shanya katifarsa a tsakar gida, ya ce masu hasashen yanayi sun tabbatar ba ruwa. Yayansa, mai jan sallah a unguwa, ya ce ya ƙara da in Allah ya so. Gwaji ya ce na'ura ba ta buƙata. Kafin azahar katifa ta sha ta ƙoshi. Gwaji ya dube ta tana ɗiga, ya ce ai dama wanki take so.

To, mai irin wannan wuya, Allah ya haɗa shi da yaya mai irinsa.

Akwai rijiya a gidan, marigayi mahaifinsu ya haƙa da hannunsa. Da yara suka yi ta gudawa, Gwaji ya ɗebi ruwanta a kwalba ya kai wurin aiki, ya dawo yana cewa ƙwayoyin cuta ne fal. Yaya ya ce rijiyar da Baba ya tofa wa addu'a ba ta ɗaukar cuta. Aka yi ta yi, ɗaya na jawo aya, ɗaya na jawo turanci. Ranar da Yaya ya tafi ta'aziyya, Gwaji ya kira magini aka shafe bakinta da siminti.

Daga baya matarsa ta faɗa masa, tana kallon ƙasa, cewa kwalbar nan da ita take zuba wa kaji ruwa, kuma ba ta wanke ba. Gwaji ya san ma'anar wannan sarai: gwajin banza ya yi. Ya ce ta ja bakinta.

Tsohuwarsu kuwa, da ciwo ya kwantar da ita, ba ta roƙi komai ba sai kurɓi ɗaya daga rijiyar mijinta. Na famfo in an kawo, ta kau da kai. Gwaji kan tsaya a bakin simintin da kofi a hannu, ya san guduma ɗaya ta isa. Amma fasawa na nufin Yaya ya ci, shi kuwa gara a yanka shi.

Matar Gwaji ta kasa haɗiye sirrin kwalbar, zance ya kai kunnen Yaya. Ya tare Gwaji a ƙofar ɗakin tsohuwa, da fara'ar wanda ya kama ɓarawo, ya ce ya faɗa gaban kowa cewa iliminsa ya yi ƙarya, addu'a ta yi gaskiya. Da ya ce a fasa kawai, da an fasa. Amma shi ma nasara yake nema, ba ruwa ba.

Tsohuwa na ciki tana jin su, leɓe a bushe. Siminti na nan har yau, don daga abin da Gwaji ya faɗa ba wanda ya sake ta da zancen.

"Yaya, in addu'ar Baba ta isa, me ya sa shekara da shekaru kake tafasa ruwanta a ɓoye kafin ka sha?"