Fitilun Kawu Dogo

A duk Gagarawa ba a yi mai zagin fitila kamar Kawu Dogo, yayan mahaifiyata, ba. Maɗinkin riguna ne, kuma wallahi ya iya. Aska takwas ɗin da yake zubawa a gaban riga har daga Gumel ake aiko masa. Yakan yini yana ɗinki a zaure, bayan magariba ya koma ɗakin kwana ya ci gaba, matarsa Inna Zinariya tana kaɗi a gefe.

A shekarun da gyaɗa ta fara daraja ne idonsa ya soma yana. Kowa ya gani, har awakin gidan, don ya sha yi musu sallama. Amma wa zai faɗa? Mutumin da allura ce cinsa, ita ce girmansa? Shi kuwa ya ɗora laifin kan fitila.

Da farko ya ce man gyaɗar Inna ne ya yi ruwa. Ta sake soya wani. Ya ce lagwanin ne siriri, ta murza masa mai kauri kamar igiyar guga. Aka koma man kaɗe, ya ce hayaƙi. Aka zuba man shanu, ɗaki ya ɗauki ƙamshi, kyanwa ta shanye rabi. Ya aika garin Sule Tankarkar wajen wata maginiya ta gina masa fitilar ƙasa mai baki uku, ya kalle ta ya ce maginiyar ba ta tsoron Allah. Kai, sai da alkukin ɗakin nan da bakin gado suka cika da fitilu bakwai, bango ya yi baƙi ƙirin. Inna ta ce saura a kunna masa jinka.

Bakinta bai mutu ba, Inna. Amma kullum kafin ya shigo sai ta zura zare a allura goma ta soke a matashi, shi kuma ya zare ɗaya bayan ɗaya kamar haka Allah ya halicce su.

Ana nan sai maƙwabcinsa Ɗanjuma, mai fatauci, ya zo da labarin fitilar Nasara da ya gani a kasuwar Maigatari: mai ƙwan gilashi, tana shan kananzir, iska ba ta kashe ta. Kawu ya ce shi ke nan, dama ya faɗa! Ya kwance ragonsa ya ba Ɗanjuma ya samo masa. Aka yi wata huɗu kafin ta iso, lokacin rigar da ke hannunsa ta daɗe a ninke.

Ranar da ta zo, ina bakin ƙofa goye da 'yata. Inna ta ɗaga ƙwan yadda aka nuna mata, ta kunna. Jama'a, haske! Har gidan gizo-gizon da ke jinka sai da muka gani. Kawu yana zaune a bakin gado, riga a cinya, allura a hannu.

"To me kike jira?" in ji shi. "Kunna mana."

Inna ta dube ni, ta dube shi.

"Ta ƙi kamawa, Malam. Nasara ya cuce ka, ga rago ya tafi a banza."

Ya miƙa hannu yana laluben fitilar, yatsunsa suka sauka kan ƙwan. Ya janye da sauri ya kai su baki. Ni dai na kasa riƙe hawaye.

"Haka ne, ta ƙi kamawa," ya ce. Ya lalubi matashi ya soke allurar kusa da sauran. "Kashe ta, Zinariya, kar kananzir ya ƙare."