Alwalar Inna a Kotun Ƙoli

Fadamarmu tana bayan garin Gummi, daga gindin wata tsohuwar kanya zuwa bakin gulbi. Da rani ƙasarta kan tsattsage kamar diddigen tsoho. Da damina shinkafa kan rufe ta, iska ta riƙa bi ta kanta tana kwantar da ita tana tayarwa. A nan na koyi zama shiru ina kallon balbela har a manta da ni.

Ina farkon sakandare Babanmu ya rasu. Inna ba ta daɗe da fita takaba ba wani attajiri daga Anka, wanda ya sayi gonar da ke gabas da tamu, ya ce kanyar tasa ce, da duk abin da ke ƙasa da ita. Lokacin ne zinariya ta shiga bakin kowa a yankinmu, mutane suka fara kallon ƙasa da wani ido. Ya ja shingen ƙaya. Inna ta kai ƙara gaban alƙali.

Na raka ta. Mun tuɓe takalma a bakin ƙofa, mun zauna a ƙasa. Maƙwabcin gonarmu, wani dattijo da muke kira Baffa ko da yake ba jini ya haɗa mu ba, ya ba da shaida. Da yake shaidar ɗaya ce, alƙali ya ce Inna ta cike da rantsuwa. Ta fita ta yi alwala, ta dawo ta dafa Alƙur'ani, ta rantse. Kafin ya yanke hukunci, alƙali ya tambayi kowa ko yana da sauran magana, kamar yadda shari'a ta tanada. Inna ta ce, "Daga kanya zuwa bakin gulbi, nan mijina ya noma, nan ubansa ya noma." Aka ba ta fadamarta.

Mutumin Anka ya ɗaukaka ƙara. Magana ta riƙa hawa daga kotu zuwa ta gaba da ita, har wata ta ce shaida ɗaya ba ta isa ba, ta rushe hukuncin. Shingen ya koma. Damina bayan damina muna wucewa ta hanya muna hangen kanyarmu kamar 'yar'uwar da aka hana mu gaisawa da ita. Lauyan Inna ya kai maganar Kotun Ƙoli. Kafin a zo kanta na girma, na shiga jami'a, kuma ba sai an tambaye ni dalilin da ya sa na zaɓi karatun lauya ba.

Ina gida hutu lauyan ya bugo waya ya ce an sa ranar hukunci. Idan aka tabbatar da rushewar, fadamar ta tafi ke nan, babu wata kotu a gaba.

Washegari na iske Inna ta aika da babur Bukkuyum a ɗauko Baffa, wanda ya koma can wurin 'ya'yansa tun da hanyoyin ƙauye suka daina aminci. Ya sauko yana dafe da ƙugu, yana dariya. Ita kuma ta wanke farin mayafin da ta yi rantsuwa da shi, ta shanya a igiya.

Muna zaune a inuwar tsakar gida muna ɓarar gyaɗa na ce, "Inna, wai mi Baffa zai yi a Abuja?"

Ni ce ɗiyarta ta fari, don haka ba ta kiran sunana. Ta ce, "Ke, wace irin tambaya ce wagga? Shaida zai yi. Ni kuma in sake rantsuwa gaban babban alƙalin ƙasa, kowa ya huta."

Na ajiye gyaɗar. Na gaya mata a hankali cewa a can ba a kiran shaida, ba a rantsuwa. Alƙalai biyar ne za su zauna, kuma sun riga sun karanta duk abin da aka faɗa tun daga Gummi. Abin da suke dubawa shi ne ko an bi shari'a daidai.

"Ba su gan ni ba, su san mai gaskiya?"

Baffa ya buga sandarsa a ƙasa. "Ƙaramar alƙaliya, biyar fa kika ce? Kan fadama guda? Mu nan ɗaya ya ishe mu, shi ma wani lokaci yana gyangyaɗi."

Na ce ai namu da sauƙi. A Amurka tara ne, kuma su ke zaɓen ƙarar da za su saurara, sauran su bar su yadda suke.

Inna ta ɗago. "Wanda ba a zaɓa ba fa?"

"Ya haƙura da hukuncin da ya zo da shi."

"Allah na gode maka da ba can aka haife ni ba."

Na ce a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa kuwa, babbar kotu kan karya hukunci ne kawai, ta tura ku wata kotu a sake shari'ar.

"A sake?" Baffa ya dubi gwiwoyinsa. "To su nemi wani shaidan, ni na ƙare."

Muka yi dariya, amma na ga Inna ba ta yarda ba. A ganinta, duk inda aka ce alƙali, dole ya dubi fuskarka ya tambaye ka sauran magana. Ta ce Baffa zai tafi, kuma ya tafi.

Ranar hukunci ta yi alwala tun da safe a masaukinmu, ta ƙi taɓa karin kumallo, wai kada wani abu ya ɓata mata shiri. Ginin kotun ya fi duk abin da na zana a raina girma da sanyi. A bakin ƙofar zauren Inna ta sunkuya ta tuɓe takalmanta, ta jera su a gefe. Baffa ma ya tuɓe nasa. Mai gadin ƙofa ya yi murmushi ya ce da Hausa, "Mama, ki saka abinki, a nan ba a cirewa."

Ta ce, "Ɗana, gaban alƙali za ni."

Na ɗauki takalmansu na rungume, muka shiga, tsofaffi biyu ba takalmi a tsakiyar lauyoyi masu baƙaƙen riguna. Na ji idanu a kanmu, amma ko kaɗan ban ji kunya ba. Tafin ƙafar Inna yana taka dutsen nan mai santsi kamar yadda yake taka laka a fadama.

Alƙalan suka shigo, aka miƙe, aka zauna. Sun yi nisa, sun yi tsayi, babu wanda ya dubi inda muke. Aka wuce wasu ƙararraki, sannan aka kira tamu. Ɗaya daga cikin alƙalan ya fara karatu da Turanci, murya ƙasa-ƙasa. Inna ta gyara mayafi, ta matsa bakin kujera, tana jiran a kira ta. Ni kuwa don zullumi har ina kasa kama jimlolin da na shekara ina koyo.

Sai a tsakiyar Turancin nan kalma ɗaya ta fito da kayanta na gida. Kanya. Alƙalin ya faɗe ta da wata irin murya ta wanda bai taɓa zama a inuwarta ba, amma ita ce. Inna ta damƙe hannuna.

"Ke, kanyarmu yake kira?"

Na raɗa mata cewa maganarta ce yake karantawa, wadda ta faɗa a Gummi, daga kanya zuwa bakin gulbi. Ya ci gaba. Ya ce a shari'ar Musulunci da ake bi a ƙasarmu, shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara sun isa a kan dukiya. Ya ce alƙalin farko ya bi hanya daidai, hukuncinsa ya dawo. Sauran huɗun kowa ya ce ya yarda.

Ban iya fassarawa ba. Hawaye ne suka riga ni. Inna ta dube ni a tsorace, sai Baffa, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, ya leƙa fuskar lauyanmu ya ce, "Hajiya, kukan daɗi ne. Dubi haƙoran mutuminki."

Inna ta miƙe tsaye. Na san abin da take jira. Amma an riga an kira ƙara ta gaba, wasu lauyoyin sun taso. Na ja ta a hankali muka fito.

A kan matakala rana ta buɗe mana fuska. Na durƙusa na saka mata takalmanta ɗaya bayan ɗaya. Ina nan a durƙushe na ɗaga kai na yi mata tambayar da ta taso tun daga Gummi don ta ji.

"Inna, kina da sauran magana?"

Sai ta yi wata dariya da rabona da ita tun Babanmu na da rai.

"Babu. Ashe tun can suka ji ni." Ta dubi sama, inda gajimare ya fara taruwa ta gabas. "Ku tashi mu tahi, ruwa ya kusa, ga iri ban gyara ba."

Baffa ya ce shi dai a shaida, ya zo Abuja bai ce uffan ba kuma ya ci shari'a, don haka daga yau a riƙa tafiya da shi.

Da hannunmu muka janye shingen. Ƙayar ta tsufa, tana karyewa da an taɓa ta. A daminar nan na shiga laka har gwiwa ina dashe kusa da Inna, bayana na ciwo, bakina ya ƙi rufuwa. Da rana ta take muka koma gindin kanya, ta buɗe ƙwaryar fura ta miƙo mini na fara sha.